Yadda zaka ɗauki hoton ƙwallo daga bakin fili ya fito tas, ko da kamararka ta hannu ce

Tun da aka gama gasar hutu ta unguwanni a nan Garwa ta Kamaru yara ke ta tsare ni da tambaya guda, wasu a shago wasu ta WhatsApp, wai Kawu me ya sa in mun ɗauki hoton biki ko na suna yana fitowa tas, amma da mun je bakin fili sai komai ya watse, ƙafar ɗan wasa ta zama kamar hayaƙi, ƙwallo ta miƙe ta yi tsawo, wani lokaci ma 'yan kallon da ke can baya su ne suka fito raɗau shi kuwa wanda ya ci ƙwallon fuskarsa dishi-dishi. Da yawansu sun riga sun yanke hukunci wai laifin kamara ce, sai sun tara kuɗi sun sayi babba tukunna. Toh ni dai na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani a wuri ɗaya, don wallahi yana min ciwo in ga yaro ya sha rana minti 90 ya koma gida ba hoto ko ɗaya da zai nuna, alhali abin da ya hana shi bai wuce juya maɓalli biyu ko uku ba.

Abu na farko, kuma shi ne uwa uba, saurin shata, wato labulen cikin kamara da ke buɗewa ya rufe in ka danna, ana auna saurinsa da kason daƙiƙa, kamar 1/250 ko 1/1000. Amarya in ka ce ta tsaya tsayawa take, ɗan ƙwallo kuwa ba ruwansa da kai. Ka ɗauki lissafin nan ka riƙe: ƙwallon da aka narka da ƙarfi tana iya kai kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 kenan a daƙiƙa ɗaya. In shatarka tana kan 1/250, kafin ta buɗe ta rufe ƙwallon ta yi tafiyar santimita 11, ita kuma ƙwallon gaba ɗaya faɗinta wajen santimita 22 ne, kaga rabin jikinta ya shafe kenan. In ka kai 1/1000 tafiyar ba ta kai santimita 3 ba, ido ba zai ma lura ba. Shi ya sa nake ce wa kowa ka fara daga 1/1000, in akwai rana sosai ka hau 1/1600 ko 1/2000, kuma duk wani abin da zaka taɓa a kamarar ka taɓa shi ne don ka kare wannan lambar. Ka cire kamarar daga koren akwatin nan na otomatik, shi bai san ƙwallo kake ɗauka ba, haske kawai yake aunawa, da rana ta ɗan yi sanyi zai sauke maka shata zuwa 1/125 ba tare da ya yi shawara da kai ba. Mai Canon ya juya zuwa Tv, mai Nikon ko Sony ya juya zuwa S, ka sa lambar da hannunka. Wanda menu nasa ke cikin Faransanci, kamar yawancin kamarorin da ke shigo mana daga Duwala, abin da ake kira vitesse shi ne wannan.

Akwai wani kuskure da nake ji kullum, wai ai lens ɗina yana da IS ko VR don haka hoto ba zai girgiza ba. Wannan abin rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da mutumin da ke gudu. A 1/1000 ma kusan ba ka buƙatarsa.

Sai bakin lens, wato lambar f ɗin nan. Ƙaramar lamba babban baki, haske da yawa, kuma baya ya narke ɗan wasa ya fito shi kaɗai. A filayenmu na unguwa wannan narkewar ba ƙaramin taimako ba ce, don bayan 'yan wasa me ke akwai? Mashina a jere, mai sayar da ruwan leda, katangar makaranta da aka rubuta talla a jiki, wani lokaci har awaki. Ka buɗe bakin iya buɗewarsa. Mai lens 70-200 f/2.8 Allah ya ba shi, amma yawancinmu 70-300 ne ko 55-250 da ke tsayawa a f/5.6 in ka ja zum ɗin ƙarshe, kuma da rana wannan ya isa har ya yi yawa. Da tsakar rana irin tamu, ISO 200 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kamara, babbar lamba ƙarin haske) da f/5.6 zasu ba ka wajen 1/1600 cikin sauƙi. Bambancin sai yamma yake fitowa, don f/2.8 tana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, inda kai kake fama da ISO 6400 shi yana zaune a 1600 hankali kwance.

Toh ga inda aikin yake. Wasanninmu bayan la'asar ake farawa, ƙarfe huɗu ko huɗu da rabi in an yi jiran wata ƙungiya, kuma ranarmu ba ta yin doguwar sallama, wajen ƙarfe shida ta faɗi, minti kaɗan duhu ya rufe. Ma'ana saitin da ka fara wasa da shi ba shi zaka gama da shi ba. Na ga wannan da idona a filin Rumde Ajiya ranar 11 ga Janairun 2022, wasan Najeriya da Masar na gasar cin kofin Afirka, ina cikin 'yan kallo amma rabin hankalina yana kan masu hoton da ke zaune a bayan raga. Ƙarfe biyar aka take wasa da sauran rana, Iheanacho ya ci ƙwallonsa a minti na 30 da hasken yamma, kafin a tashi kuwa fitilu ne ke aiki gaba ɗaya, kuma kana ganinsu lokaci lokaci suna duba bayan kamara suna murza abu. Abin da suke yi shi zaka yi, kuma da tsari: in haske ya fara raguwa ka tabbatar bakin lens a buɗe yake gaba ɗaya, sannan ka fara hawa da ISO, 400, 800, 1600, 3200, kar ka ji tsoro. Yara suna tsoron ISO kamar wuta saboda an gaya musu hoto zai yi yashi-yashi. Eh zai yi, amma hoto mai yashi da fuska ta fito ana iya gyara shi a kwamfuta, in ma a waya za a kalla ba wanda zai lura, shi kuwa hoton da ya shafe babu malamin da zai dawo da shi. Sai ISO ya kai iyakar da kamararka ke iya ɗauka sannan ka taɓa shata, ka sauko 1/800, 1/640, ƙarshe 1/500. In duhu ya wuce haka toh ka canza abin da kake farauta, ka bar masu gudu ka koma kan inda motsi ke tsayawa: gola yana jera katanga yana ihu, ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai buga kwana, koci ya dafe kai, ko daidai ƙololuwar tsalle lokacin da mutum ya gama hawa bai fara saukowa ba, nan jiki yana ɗan tsayawa cak na ƙiftawar ido.

In ba ka son yawan murze-murze, akwai hanya mai sauƙi da nake bi yanzu, ka sa M, wato saitin hannu, ka kafa 1/1000 da bakin lens a buɗe, ka bar ISO a otomatik amma ka sa masa iyaka, misali 3200 ko 6400, shi zai riƙa hawa da sauka da kansa in gajimare ya wuce ko ɗan wasa ya shiga inuwar bishiyar darbejiya da ke gefen fili. Sai dai masu tsofaffin Canon irin su 600D ku sani a M ɗin ba zaku iya ƙara ko rage haske a kan abin da ya zaɓa ba, don haka ku Tv ya fi muku.

Kuma ƙara hasken nan dole ne a wurinmu, wannan magana ce da ba kasafai zaka ji ta a bidiyon Turawa ba. Fatarmu baƙa ce, filinmu yashi ne mai ƙyalli, ga ƙungiya ta sa farar mayo, wato rigar wasa, kamara in ta ga duk wannan farin sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, sakamakon riga ta fito da kyau fuska kuwa ta zama baƙi ƙirin ba ido ba hanci. Ka nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara +1/3 ko +2/3, in rana tana bayan 'yan wasan ma har +1. Ka ɗauki gwaji tun suna motsa jiki kafin a fara, ka zuƙo fuskar a allo ka duba, in kana ganin farin ido da zufa a goshi toh ka samu. In wani ɓangare na farar riga ya ƙone kaɗan ba komai, uwar yaron fuskar ɗanta take so ta gani ba rigar ba.

Yanzu fokas, wanda shi ne ke sa 'yan kallo su fito tas ɗan wasa ya ɓace. Kamara sau da yawa tana kan saitin da in ka danna rabi ta kama abu sai ta kulle a nan, Canon na kiransa One Shot, Nikon AF-S. Wannan na amarya ne. Ɗan gaba da ke tahowa da gudu kafin ka ƙarasa dannawa ya bar wurin da ta kulle da mita guda. Ka koma AI Servo in Canon ce, AF-C in Nikon ko Sony, shi wannan muddin yatsanka na kan maɓalli yana bin mutum yana gyarawa. Sannan kar ka bar kamara ta zaɓi ɗigon fokas da kanta, zata kama wanda ya fi kusa ko wanda rigarsa ta fi haske, ka zaɓi ɗigo ɗaya na tsakiya, a ƙananan kamarori shi ne ya fi sauran ƙarfi, in taka tana da zaɓin ɗigo ɗaya da 'yan rakiya kewaye da shi toh ya fi. Ka ɗora ɗigon a ƙirji, inda lamba ko rubutun mayo yake, kar ka ce sai kai, kai ƙarami ne yana kaɗawa, da ɗigon ya zame sai ya tafi katanga. Ƙirji da fuska nisansu ɗaya daga wurinka, in ɗaya ya fito ɗayan ma ya fito. Masu sababbin kamarori marasa madubi da ke gane fuska da ido su gwada abinsu, yana aiki, amma in mutum shida suka cakuɗe a gaban raga shi ma yana ruɗewa.

Wata dabara da ta canza min aiki ita ce raba fokas da shata, wato ka mayar da fokas kan maɓallin baya da babban yatsa ke dannawa, AF-ON in akwai, in babu a Nikon ana iya ba maɓallin AE-L/AF-L wannan aikin, a Canon maɓallin tauraro, duk a cikin menu. Amfaninsa, in alƙalin wasa ko wani ɗan baya ya gifta tsakaninka da wanda kake bi sai ka ɗaga babban yatsa kawai fokas ya tsaya inda yake, ya wuce ka mayar. Haka in za a buga fenariti, ka kama gola sau ɗaya ka saki, ka jira, duk lokacin da ka danna shata ba zata sake neman komai ba. Kwana biyun farko hannunka zai riƙa mantawa, kar ka fara gwada shi ranar wasan ƙarshe, ka je bakin titi ka yi ta bin 'yan mashin da ke tahowa har yatsan ya saba.

Ɗan gargaɗi ga mai shirin sayen lens na hannu, in kamararka Nikon ce irin D3200 ko D5300 da 'yan uwansu, ba su da injin fokas a jikinsu, lens ɗin ne dole ya zo da nasa, ka duba ka ga an rubuta AF-S a jikin lens ɗin, wannan daban yake da saitin AF-S da na faɗa a baya. Akwai tsohon 70-300 mai arha da aka rubuta AF kawai, zai hau kamarar lafiya lau amma fokas sai da hannu, na ga yaro ya zuba kuɗinsa a irinsa. Ka tafi da kamararka ka gwada a gaban mai kayan kafin ka biya.

Sai ɗauka a jere, abin da muke kira rafal. Ka kunna shi, amma ka san ba shi ke kama hoto ba. Kamarar da ke yin 4 ko 5 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ƙwallo ta yi tafiyar mitoci, sau da yawa zaka ga na farko ƙafa bata kai ga ƙwallo ba na biyu kuma ƙwallon ta riga ta fita daga hoton. Don haka dannawar farko ita ce taka, ka auna ta da ido, ka danna tun ƙafar na lilo baya, ka bar biyu ko uku su biyo, ka saki. In ka kwanta a kan maɓalli cikin kamarar zai cika ta tsaya tana rubutawa a memori, kuma wallahi a daidai lokacin ne ake cin ƙwallo. Wannan ya same ni a wasan ƙarshe na wata gasar unguwanni, na sayi memori a wani shago an rubuta masa sauri a jiki ashe jabu ne, na bi wani ɗan gefe tun daga tsakiyar fili ina ta harbi, yana isa layi ya kwaso ta, ɗan gaba ya tashi ya sa mata kai ta shige, ni kuwa jar fitilar kamara na ta ƙiftawa maɓalli ya ƙi dannuwa. Yaron da ya ci ya zo da mahaifinsa shago washegari neman hoton, ban taɓa jin nauyin mutum irin na ranar ba. Tun daga nan memori mai alamar U3 ko V30 nake saya a wurin da na yarda da shi, kuma ina gwada shi a gida, in danna rafal in ƙirga hoto nawa yake yi kafin ya fara numfashi. Ga wanda ke farawa ina ba da shawarar JPEG babba, ya fi sauƙi a kan memori kuma zaka iya turawa nan take, RAW, wato ɗanyen fayil mai nauyi da ake gyarawa a kwamfuta, ka ajiye shi sai yamma ta yi ko wasan dare inda zaka buƙaci gyara sosai. Kuma ka riƙa goge memori a cikin kamarar kanta kafin kowane wasa, bayan ka kwashe na baya.

Duk wannan saiti ne, minti biyar ya ishe ka. Abin da ke raba mai hoto da mai hoto shi ne inda ya zauna da kuma yadda yake karanta wasa.

Yawancin yara tsakiyar fili suke tsayawa kusa da benci, wai don su ga ko'ina. Zaka ga ko'ina amma zaka dawo da ƙeya da kafaɗa, don 'yan wasa gefe suke ba ka. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo 68 a faɗi, babu lens ɗin da zai ci maka shi duka, ka haƙura da rabi. Ka je bayan layin raga, tsakanin tutar kwana da inda layin gidan gola babba ya taɓo, a ɓangaren da ƙungiyar da kake bi take kai hari, nan 'yan gaba fuska suke ba ka suna tahowa, ido a buɗe, baki a buɗe, ƙwallo a ƙafa. Lens na 300 a kan ƙaramar Canon yana aiki kamar 480, a Nikon kamar 450, wannan ya ishe ka daga raga zuwa kusan da'irar tsakiya, abin da ya wuce nan ka sauke kamara ka kalli wasa kamar kowa. Musamman a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, iskar da ke tashi daga ƙasa tana rawa, duk abin da ke nesa sai ya fito kamar a cikin ruwa, ba laifin lens ba ne kuma ba saitin da ke maganinsa sai kusanci. Haka lokacin hazo, Disamba zuwa Fabrairu, nesa fari take yi fokas ya yi ta kai da komo, amma na kusa kam hazo alheri ne, yana tausasa rana inuwar da ke cikin ido ta ragu.

Ka duba rana kafin ka zauna. Da yamma tana yamma, ka sa ta a bayanka ko a kafaɗarka don ta haska fuskokinsu. In an juya bayan hutun rabin lokaci ƙungiyarka ta koma ɗaya ragar, ka auna, ko ka bi su ka ƙara haske da +/- ɗin nan, ko ka zauna inda kake ka ɗauki 'yan bayansu da golansu, su ma suna da iyaye kuma ba kowa ke ɗaukarsu ba. In ka iya fuskantar rana ma akwai kyau a ciki, ƙurar da ƙafa ke tayarwa a filin yashi tana kamawa da haske kamar zinariya, amma ka sa hular lens kuma ka sa ran da yawa zasu lalace.

Kuma ka zauna ƙasa. Ka zo da 'yar kujerar tsuguno ko ka durƙusa. Daga ƙasa ɗan shekara 15 ma sai ya fito kamar zaki, tsallensa ya ƙara tsawo, ƙafafu su rabu da ƙasa a fili, bayansa kuma ya zama sama ko taron jama'a maimakon yashi. In lens ɗin mai nauyi ne sandar kamara mai ƙafa ɗaya tana hutar da hannu, mai ƙafa uku kuwa ka bar ta a gida, ba zaka iya juyawa da ita ba kuma in ɗan wasa ya zamo ya faɗa kanta rauni ne.

Idonka na hagu ka bar shi a buɗe, na dama a kamara, na hagu yana gaya maka abin da ke tahowa daga wajen hoto. Kar ka bi ƙwallo da lens, ta fi ka sauri, ka bi mutumin da zata je wurinsa. A minti goman farko ka lura: wane ne suke nema da dogon bugu, ɗan gefensu yana bin layi ne ko yana yankowa ciki, wane ɗan baya ne ke tashi sama. In za a buga kwana mai bugawa ba shi ne hoton ba, ka ɗora fokas a kan dogon da ya taho daga baya ya tsaya wajen turke, ka jira ƙwallo ta same shi. In gola ya buga ta sama ka sauke ido ka nemi mutum biyun da ke ja da baya suna kallon sama suna ture juna, can zata sauka. A fenariti ka zaɓi ɗaya tun kafin busa, ko mai bugawa ko gola, mai son duka biyun ba ya samun ko ɗaya. Hoton da ake nema dai abu uku ne a ciki, fuska, ƙwallo, da fafatawa, in biyu suka samu ka gode Allah, in ukun suka haɗu wannan shi ake bugawa a rataye.

In an ci ƙwallo kar ka sauke kamara ka duba allo, wannan ɗabi'ar ta cinye hotuna fiye da kowace matsala. Murna ta fi ƙwallon kanta tsada. Ka tuna ranar 2 ga Disamban 2022 da Vincent Aboubakar, wanda ya taso daga Coton Sport ta nan garin, ya sa wa Brazil kai a ƙarshen wasa a Katar, hoton da ya zaga duniya ai na bayan cin ne, ya tuɓe riga, alƙali ya zo ya ba shi kati na biyu ya fita. Wanda ya ci yawanci kwana yake nufa ko wurin magoya bayansa, in kana inda na ce ka zauna kai zai taho wa. Ka bi shi har abokansa su rufe shi, sannan ka juya ka ɗauki golan da ke zaune a ƙasa, da benci.

Wasan dare a ƙarƙashin fitila kuwa, in ka samu shiga, abu biyu. Wutarmu 50 Hz ce, wasu fitilun suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ido ba ya gani amma shata mai sauri tana gani, sai ka ga hoto ɗaya da haske na kusa da shi ya yi duhu ko launi ya canza. Kamarori irin su Canon 7D Mark II da Nikon D500 suna da saitin maganin wannan ƙiftawar a menu, ka kunna, in taka ba ta da shi ka ɗauka da yawa ka zaɓa. Na biyu filasha, ka kashe ta, ba ta kaiwa ko'ina kuma tana shiga idon gola.

Saitin nan duka yana aiki a wurin kokawa da kuma hawan dawaki na sallah a ƙofar Lamido, sai dai doki in ya taho a sukwane 1/2000 ya fi, kuma ka san inda zaka kauce. In kana son ƙafafun doki su nuna gudu ka sauko 1/60 ko 1/125 ka bi shi da kamara daga ƙugu kana juyawa daidai saurinsa ka danna ba tare da ka tsaya ba, goma zasu lalace ɗaya ya fito, mahayi tas baya kuma ya ja layi. Mai waya kuma kar ya ja zum da yatsa, ya tsaya kusa da kwana ya jira wasa ya zo masa, ya yi amfani da ɗauka a jere, da rana zai samu abin nunawa.

Kafin ka zauna a bayan ragar kowa ka je ka gaida masu shirya gasa da alƙalin wasa, ka faɗi ko kai wane ne, a wasannin lig na hukuma kuwa sai da takardar izini da rigar alama da suke bayarwa, kar ka je ka yi musu da masu tsaron ƙofa. Ka bar tazara tsakaninka da layi, kar ka tsaya a hanyar mai tuta, ƙafarka kar ta taka cikin fili ko da an ci, kuma igiyar kamara tana wuyanka ko a naɗe a hannu don a filin unguwa in aka ci ƙwallo jama'a gaba ɗaya ke kwararowa. Ka ɗauki hoton takardar sunayen 'yan wasa da lambobinsu tun farko, da dare in kana turawa zaka san wane ne mai lamba 9 ba sai ka yi ta tambaya ba. Batir biyu, ruwan sha, hula. Gasar hutu a damina take faɗawa, Yuli da Agusta, ka sa leda babba da roba a jaka, in hadari ya taso ka huda gindin ledar ka fito da bakin lens ka ɗaure a kan hular, ka ci gaba da aiki, hoton taɓo da ruwa yana da kyau ƙwarai.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabarmu. Kar ka taɓa cire lens a bakin fili, ka ɗaura wanda zaka yi aiki da shi tun daga gida, na taɓa canzawa a tsakiyar hazo sai da na yi wata guda ina goge ɗige-ɗige a sararin sama na kowane hoto kafin na samu aka wanke min sensa, wato farantin cikin kamara da hoto ke sauka a kai. In ka dawo, kafin ka taɓa gilashi da ƙyalle ka fara hure shi da 'yar robar iska, don yashi in ka goga shi karce yake, sannan ka ja zum ɗin waje ka share jikinsa da busasshen ƙyalle kafin ka mayar, in ba haka ba ƙurar ciki zata shige. Ka kwashe hotuna a daren, ka zaɓi 20 ko 30 da suka fi, ka yanke gefen da ba kowa, ka daidaita wanda ya karkace da turken raga, ka tura wa kyaftin ɗin kowace ƙungiya tun ana zancen wasan a majalisa, in ta WhatsApp ne ka tura a matsayin fayil don kar ya matse su. Batir kuma ka jona shi da zarar an kawo wuta, kar ka ce sai da safe.